Yadda Ake Yanka Shaf Mai Gociya a Injin CNC Mai Aksis Huɗu

Duk wanda ya taɓa kwance injin tankaɗe, ko injin fasa dutse, ko ƙaramin famfo mai fistin, ya ga irin shaf ɗin nan da mazaunin boris ɗinsa ya kauce daga tsakiya. Wannan kaucewar, wadda za mu riƙa kira gociya, ita ke mayar da juyi ya zama kai-da-komo. Maƙeran Panteka da masu gyaran injunan masana'antu a Kakuri da Kudenda, duk a Kaduna, sun daɗe suna yin sa a injin tana, wanda ke juya ƙarfe ana sassaƙarsa: a kama ƙarfe a cok, wato mariƙin aiki, mai haƙori huɗu, a gusar da shi gefe da agogon awo, a sassaƙa. Idan shaf ɗaya ne mai gociya ɗaya, wannan hanya ta fi sauri kuma ta fi arha, kada ka ɓata lokacin injin CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, a kansa. Inda injin milin mai teburin juyi ya yi zarra shi ne idan gociya biyu ko uku ce a shaf ɗaya kowace da kusurwarta, ko dole gociyar ta yi daidai da gurbin ki, wato kwarin da ake cusa ɗan ƙarfen da ke kulle fuli ko giya a jikin shaf, ko ta yi girman da in an juya ƙarfen da sauri injin tana zai kama rawa, ko kuma guda hamsin ake so duk iri ɗaya.

Aikin gaba ɗaya a kan magana ɗaya ya tsaya. Tebur yana juya ƙarfe a kan tsakiyarsa, amma da'irar da kake son yankawa tana da tata tsakiyar daban, wadda ke zagaye yayin da tebur ke juyawa. Dole kota, wato abin yankan, ta bi wannan tsakiya ta biyu duk inda ta je, sama da ƙasa a Z, gaba da baya a Y. Wanda ya riƙe wannan zai iya rubuta firogiram ɗin da hannu cikin layi goma sha wani abu, kuma zai gane in kwamfuta ta ba shi abin da bai dace ba.

Misalin da za mu bi

Shaf ne na ƙarfen EN8, an riga an yi masa aikin tana: gefe da gefe faɗin milimita 25 da ramin senta a ƙarshensa, a tsakiya an bar dunƙule mai faɗin milimita 52 da tsawon milimita 28. Daga cikin dunƙulen, milimita 20 za su zama mazaunin boris 6208, wanda raminsa milimita 40 ne, kaurinsa 18. Sauran milimita 8 su zauna a matsayin kafaɗa. Gociya milimita 5. Ke nan rediyos r = 20, gociya e = 5.

Kafin ka taɓa injin, yi lissafi biyu. Wuri mafi tudu zai kai r + e daga tsakiyar shaf, wato 25, don haka ƙarfen da bai kai faɗin 50 ba ba zai fitar da aikin ba. Wuri mafi kwari kuma r − e ne, wato 15. Saboda haka ɓangaren shaf da boris zai bi ya shiga ba zai wuce faɗin 30 ba, in ya wuce boris ba zai zura ba. In ma ya zama 30 cif, kota za ta goge shi a daidai kwarin. Shi ya sa muka ɗauki 25. Ana ganin zane da aka manta da wannan, sai an gama yanka a tarar boris ba shi da hanyar shiga.

Game da ƙarfe: in daga gwangwan aka samo shi, a gwada shi da zarto tukuna. Tsohon shaf na mota sau da yawa fatarsa a ƙone take ta yi tauri, cikinsa kuma da laushi, ga shi yankan gociya yana shiga fatar yana fita a kowane zagaye. Kota ba ta daɗewa a irin wannan.

Sifili a tsakiyar tebur

Teburin yana kwance, yana juyawa a kan layin X, shi ne aksis A. Y0 da Z0 na G54, wato sifilin aiki da ake adanawa a injin, dole su zauna a kan layin tsakiyar tebur, ba a saman ƙarfe ba kamar yadda aka saba a aikin aksis uku. Ɗaura sandar gwaji wadda aka wasa kuma ka san faɗinta, ka juya tebur da agogon awo har allura ta daina motsi fiye da 0.01. Taɓa gabanta da bayanta, tsakiyar lambobin biyu shi ne Y0. Taɓa samanta, ka cire rabin faɗinta, shi ne Z0. Sannan ka ja agogon a tsawon sandar, sama da gefe, don ka tabbatar telistok, wato abin da ke tokare ɗaya ƙarshen shaf, yana kan layi ɗaya da tebur. Shaf mai faɗin 25 ba a yanka shi babu telistok.

Kurakuran nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In Z0 ya kauce da 0.02, faɗin aikinka zai kauce da 0.04, kai tsaye. In Y0 ya kauce da 0.1 kuwa, a hanyar da za mu bi abin da zai shafi rediyos bai kai rabin maikiron ba (maikiron ɗaya milimita 0.001 ne), domin saman da'ira kusan a shimfiɗe yake. Don haka ƙarfinka ya tafi a kan Z da tsawon kota.

Ɗaura aikin, ka sa agogo a kan ɓangaren 25 inda boris na tsakiya zai zauna, ba a kan dunƙulen ba. Duk girgizar da ta rage a nan za ta ƙaru a kan gociyarka ko ta ragu daga gare ta. X0 a fuskar dunƙulen ta ɓangaren da babu kafaɗa, kafaɗa tana X20. A0 kuma shi ne lokacin da tudun gociya ke kallon sama. In akwai gurbin ki, yanka shi a wannan ɗaurin ɗaya, kusurwar da ke tsakaninsu za ta fito daidai ba tare da wata dabara ba.

Lissafin bin tsakiya

Idan tebur ya juya da digiri A, tsakiyar gociya tana tsayin e × COS A a Z, tana kuma nisan e × SIN A a Y. Kota mai shimfiɗaɗɗen gindi tana buƙatar zama a saman da'irar, ke nan:

Z = r + e × COS A
Y = e × SIN A + d

A digiri 0 Z tana 25, a 90 tana 20, a 180 tana 15, a 270 ta dawo 20. Harafin d kuwa, wato gusar da kota gefe, shi ne abin da mutane da yawa ke barin sa sifili, sai fuskar aiki ta fito da zane kamar zaren noti.

Dalili shi ne gindin kota ba a miƙe yake sumul ba. Masu ƙera ta suna ɗan lotsa haƙoran zuwa ciki, galibi digiri ɗaya zuwa biyu, don bakin waje kaɗai ya taɓa aiki. Lotsawar digiri ɗaya tana ɗaga haƙori da 0.017 a kowace milimita da ka matsa ciki. Ban da haka, a tsakiyar kota babu saurin yanka ko kaɗan, murza kawai take yi. Abin da ke fitar da girman aiki a gaskiya shi ne zoben da bakin haƙoran ke zagayawa. Kota mai faɗin 12 da aka lanƙwasa kusurwarta da 0.5 tana da zobe mai rediyos 5.5. In ka ɗora tsakiyarta a kan ƙololuwar da'ira, zoben yana taɓa layin ƙololuwa a ɗigo biyu ne kacal, ya gitta shi a miƙe. In kuwa ka gusar da ita gefe da d = 5.3, gefen zoben zai kwanta kusan tare da layin ƙololuwa a tsawon kusan milimita 3, kuma bambancin tsayi a cikin wannan tsawo bai wuce 0.001 ba. Da haka kana iya matsawa milimita 2 a X a kowane zagaye fuskar ta fito lafiya.

Wane gefe za a gusar? Tsakiyar kota ta kasance a ɓangaren da saman ƙarfe ke tafiya gare shi, wato kan wurin da aka riga aka yanke. Da haka ɗanyen ƙarfe zai zo ya tarar da gefen kota, a yanke shi kamar yankan fuska na yau da kullum. In ka gusar ɗaya gefen, ƙarfen zai taso ya tokari gindinta daga ƙasa, ta riƙa ci kamar ana huda, sauti ya canza, ɓarɓashi ya maƙale.

A injin da aka saita bisa ƙa'ida, in ka ba da A mai ƙaruwa saman ƙarfe yana tafiya ne zuwa Y+, kuma lissafin da ke sama ya yi daidai yadda yake. Sai dai ba kowane tebur aka ɗaura haka ba, musamman injin da aka saya na hannu aka haɗa masa tebur daga baya. Sa alli a saman ƙarfe, ka ba da A90, ka duba inda allin ya koma. In ya koma Y−, juya alamar Y gaba ɗaya. Wanda ya tsallake wannan gwaji na minti ɗaya, alamar kuma ta saɓa, zai tarar da ragowar nama fiye da milimita 2 a gefe ɗaya.

In da kota mai kan ƙwallo za ka yi, kana kuma son Y ta tsaya a sifili, lissafin ya canza. Mu kira rediyos ɗin ƙwallon b:

Z = e × COS A + SQRT[(r + b)² − (e × SIN A)²] − b

Da ƙwallo mai faɗin 10, a digiri 90 wannan ya ba da 19.495, ba 20 ba. Wanda ya yi amfani da lissafin farko da ƙwallo a Y0 zai auna 40 ta ɓangaren tudu da kwari, ya auna kusan 41 ta gicciye. Ƙwai ya yanka, ba da'ira ba. Ƙwallo kuma yana cin lokaci domin matsawarsa a X ƙanƙanuwa ce, don haka a bar shi ga siffar da ba da'ira ba ko lungun da shimfiɗaɗɗiya ba za ta shiga ba.

Rage nama

Naman da za a cire ba daidai yake ba: milimita 1 a tudu, milimita 11 a kwari. Kana iya rage shi da lissafin nan ɗaya kana sauko da r daga 29 zuwa 27, 25, 23, 21. Amma a r = 29 kota tana cin ƙarfe ne daga wajen digiri 127 zuwa 233 kawai, sauran zagayen iska take yanka. Kuma duk nauyin yankan yana kan giyar tebur, wadda ita ce mafi rauni a cikin injin.

Abin da ya fi shi ne a juya tebur a tsayar, a danne birki, a yanka fuska a miƙe. A injin Haas M10 ke danne birkin aksis na huɗu, M11 ta sake shi. A injin da ke da kwantirolar Fanuc lambar ta danganta da kamfanin da ya ƙera injin, a duba littafinsa. Yanka fuska 12, kowace bayan digiri 30, a tsayin 20.5 + 5 × COS A: 25.5 a sifili, 24.83 a 30, 23 a 60, 20.5 a 90, 18 a 120, 16.17 a 150, 15.5 a 180, sannan lambobin su maimaita kansu a komowa. Kota ta ratsa ta Y daga wajen ƙarfe, Y28 zuwa Y−28 ya isa, zurfin milimita 2 a kowane ci, layi uku a X, na ƙarshe a X13.8 don a bar wa kafaɗa 0.2. Ƙusoshin da suka rage tsakanin fuskokin suna da tudun 0.72 kawai. Da fuska 8 tudun zai kai kusan 1.7, ya yi yawa ga zagayen da zai biyo baya.

A kwari bakin kota yana milimita 11 ƙasa da saman kafaɗa. Tabbatar tsawon haƙoranta ya wuce haka, ka kuma auna tazarar mariƙin kota da haƙoran cok a Z15, ba a Z25 ba. Yawancin karo a nan yake faruwa, domin mutum ya duba tazara a A0 ya gamsu.

Saurin ci da G93

A G94 lambar F milimita ce a minti ɗaya. Da zarar A ta shigo layin, yawancin kwantiroloji suna haɗa digiri da milimita su ɗauke su abu ɗaya, sai saurin da ke bakin kota ya zama wani abu daban da wanda ka rubuta. Haas tana da Setting 34 inda ake sa faɗin aiki don gyara wannan, amma faɗi ɗaya ne take ɗauka. G93 ta fi tsabta: F tana nufin ɗaya a raba da mintocin da layin zai ɗauka, kuma dole kowane layin G01 ya zo da tasa F.

Tunda kota na bin tsakiyar gociya, a wurinta ƙarfen yana juyawa ne a kan da'ira mai rediyos 20 tun daga farko har ƙarshe, don haka F ɗaya ta isa duk layukan. Da kotar kabaid mai haƙori huɗu a EN8, saurin yanka mita 120 a minti ya ba da juyi kusan 3200. Cin 0.03 a kowane haƙori ya ba da kusan milimita 400 a minti. Digiri ɗaya a rediyos 20 milimita 0.349 ne. Raba 400 da 0.349, ka samu F1146. Zagaye ɗaya zai ɗauki kusan daƙiƙa 19.

Girman taku kuma: tsakanin ɗigo da ɗigo injin yana tafiya ne a miƙe, ba a lanƙwashe ba, kuma kuskuren da hakan ke haifarwa ya danganta da gociya, ba da faɗin aiki ba. A gociyar milimita 5, takun digiri 1 yana ba da 0.0002, digiri 2 yana ba da 0.0008, digiri 5 kusan 0.005, digiri 10 kusan 0.02. Ke nan babu amfanin takun digiri 0.1 da wasu ke sawa, sai cika wa injin ciki.

Firogiram ɗin

Ga shi da makiro, wato firogiram mai yin lissafi da kansa, irin na Fanuc, wanda Haas ma ke karantawa in an buɗe mata makiro:

#1=20.3 (REDIYOS)
#2=5.0 (GOCIYA)
#3=5.3 (GUSAWA GEFE)
#4=1.0 (TAKU)
#5=0 (KUSURWA)
#6=1 (ALAMAR Y, 1 KO -1)
G90 G54 G94 G00 X-4. Y[#6*#3] A0
G43 H02 Z60. S3200 M03
M08
G00 Z32.
G01 Z[#1+#2] F150.
G93
WHILE [#5 LT 3240.] DO1
#5=#5+#4
G01 X[-4.+2.*#5/360.] Y[#6*[#2*SIN[#5]+#3]] Z[#1+#2*COS[#5]] A#5 F1146.
END1
G94
G00 Z60.

Daga X−4 zuwa X14 milimita 18 ne, zagaye tara, digiri 3240. A sake birki kafin madaukin, wato layukan da ke maimaituwa daga WHILE zuwa END1, ya fara. Kada ka manta G94 a ƙarshe: in ka bar G93, kota ta gaba za ta tsaya da ƙararrawa ko ta yi tafiyar da ba ka nufa ba. In gociya ta biyu tana digiri 180 ko 120 daga ta farko, ƙara wannan kusurwar a cikin SIN da COS kawai, A ta zauna yadda take.

Da #6 = 1 da X mai ƙaruwa, haƙoran suna tunkarar ƙarfe ne suna ture shi baya. Wannan shi ya dace da teburin da giyarsa ta fara lako-lako, domin yankan yana danne giyar a gefe ɗaya. In ka juya tafiyar X, haƙoran za su riƙa jan ƙarfe gaba. Fuska ta fi kyau a tebur mai ƙarfi, amma a wanda ya saki sai ya riƙa fizgar aikin. A injin da #6 ta zama −1 wannan ma ya juya. Ko ta yaya, A ta tafi hanya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kada ta koma baya a tsakiyar yanka.

Saura gindin kafaɗa. A X14 gefen kota ya taɓa kafaɗa, amma wurin da zoben ke fitar da girma yana kusa da tsakiyarta, don haka a jikin kafaɗa akwai ragowar nama da ya kai 0.69. Boris ba zai zauna ya jingina ba. Maganinsa a tsayar da X a 14, a ci gaba da juyi, ana rage d a hankali daga 5.3 zuwa sifili cikin zagaye shida, sannan zagaye ɗaya cikakke a sifili. Yayin da d ke raguwa, wurin taɓawa yana matsawa zuwa kafaɗa yana share ragowar. Madauki na biyu ne irin na farko, sai dai #3 ce ke canzawa maimakon X. A fita kuma kada kota ta tsaya cik ta tashi, za ta bar tabo. Ƙara digiri 30 kana ɗaga Z a hankali har rabin milimita.

Bayan an gama, A tana kan digiri dubu biyar da wani abu. In ka ba da G00 A0 a injin da ba a saita masa komawa sifili bayan 360 ba, tebur zai warware zagayen nan duka ɗaya bayan ɗaya. A Fanuc faramita 1008 da 1260 ke kula da wannan, a Haas kuma Setting 108 ke sa G28 ta koma ta gajeriyar hanya. Ko yaya aka saita, Z ta tashi kafin A ta motsa.

Gwajin farko a yi shi a iska: ƙara 30 a Z na G54, a rage sauri, a tsaya a 90, 180 da 270 a duba lambobin allo da waɗanda aka lissafa.

In da CAM za a yi, wato manhajar da ke fitar da firogiram daga zane

Umarnin naɗe zane a jikin silinda, irin su G07.1 a Fanuc, G107 a Haas da TRACYL a Siemens, da zaɓin naɗewa a manhajoji irin su Mastercam da Fusion, an yi su ne don silindar da tsakiyarta ke kan tsakiyar tebur. Suna musanya Y da A. Sun dace da rubutu ko kwari a jikin shaf, amma ba su san gociya ba. Nemi hanyar juyi da ke karanta siffar aikin kanta, ka sa sifilin zanen a kan layin tebur, ka tabbatar fitarwar tana ba da G93. In injin na da bin bakin kota, G43.4 a Fanuc, G234 a Haas, TRAORI a Siemens, M128 a Heidenhain, kwantirola ce ke yin lissafin, amma tana dogara ne da lambobin tsakiyar tebur da aka adana a cikinta. In an taɓa sauke tebur aka mayar, lambobin sun tsufa.

Buɗe fayil ɗin da manhaja ta bayar ka nemi layin A90 da A180, ka gwada Z da lissafin hannu. Sannan ka duba girmansa. Layi 3240 masu haruffa 45 sun kusa KB 150, tsofaffin injuna da yawa ba su da wurin ajiye shi. In ta wayar RS-232 za a riƙa ɗura shi, a F1146 injin na cinye layi 19 a daƙiƙa, haruffa kusan 860, alhali saurin 9600 bai wuce haruffa kusan 960 ba. Yana dab da gaɓa, kuma da zarar ya yi tuntuɓe za ka ga tabo a jikin aiki. Mayar da taku digiri 2 da F573, matsalar ta kau. Haka ma in tsohuwar kwantirola ta kasa lissafa makiro da sauri tana tafiya tana tsayawa.

Kai wa girma

Mazaunin 6208 da shaf ke juyawa a cikinsa ana ba shi ma'aunin dacewa k6, wato faɗi daga 40.002 zuwa 40.018. Maikiron 16 ne duka filin. Injin milin mai lafiya zai iya, amma ba da ci ɗaya ba, kuma in boris ɗin zai yi gudu sosai ko ya ɗauki nauyi mai yawa, gara a bar 0.2 a faɗi a kai wa mai injin wasawa.

In a nan za a gama, yi zagaye uku. Na farko a 20.3 ya share ƙusoshi. Na biyu a 20.15, sannan a auna da maikuromita. Ya kamata ya ba da 40.300. A ce ya ba da 40.326: rarar 0.026 ce a faɗi, 0.013 a rediyos. Ana neman 40.010, rediyos 20.005, don haka a sa #1 = 19.992. Hikimar ita ce ci na biyu da na uku kusan zurfinsu ɗaya, shaf da kota za su lanƙwasa daidai gwargwado a duka biyun, gyaran da ka yi zai tabbata.

Zafi yana da hannu a nan. Ƙarfe mai faɗin 40 yana ƙaruwa da kusan 0.005 in zafinsa ya hau da digiri 10, kusan kashi ɗaya cikin uku na filinka ke nan. Sifindil ma yana miƙewa ƙasa in ya ɗumama, kuma wannan kuskuren Z ne. A lokacin hunturu, sanyin safiyar Kaduna da zafin azahar sun isa su raba shaf ɗin safe da na rana. A bar sifindil ya yi gudu minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin yankan ƙarshe, a bar ruwan sanyaya ya zuba a kan aiki kafin awo, maikuromita kuma ya kwana a ɗakin da injin yake. Yankan ƙarshe bai wuce minti shida ba, kada a fara shi a kan wutar da ake tsoron za ta ɗauke. In ta ɗauke a tsakiya, kada a nemi ci gaba daga inda aka tsaya: a ɗaga Z da hannu, a mayar da injin gida, a duba A0 da agogo a kan gurbin ki, a sake zagayen tun daga X−4.

Gociya ana auna ta ne da ɗora ɓangarorin 25 a kan mazaunin V ko tsakanin senta biyu, a juya da hannu. Agogo zai nuna ninki biyu na gociya, milimita 10, don haka agogon da tafiyarsa 10 ce cif ba zai isa ba, a nemi mai 20 ko 30. In ya nuna 10.04 ko 9.96 alhali faɗi daidai ne, lissafi ba shi da laifi, ɗauri ne ya yi girgiza. Faɗi kuma a auna shi a kusurwa huɗu, a wuri biyu a tsawon mazaunin. In ya kauce daidai wa daida a ko'ina, Z0 ne ko tsawon kota. In bakin ya fi gindin kafaɗa ko akasin haka, telistok ne. In ta gicciye ya fi ta tudu da kwari, alamar Y ce ko lissafin ƙwallo. Layi siriri a daidai tudu da daidai kwari yana nuna wasa a Z, domin a nan ne Z ke juya tafiyarta. Tabo guda jim kaɗan bayan tudu ya wuce sama yana nuna giyar tebur: nauyin gociya ya rinjaya ya faɗa gaba cikin wasan giyar. A ƙaramin shaf irin wannan ba a cika ganinsa ba, amma a babban aiki sai an matse giyar ko an ɗaura nauyin da zai daidaita shi a jikin cok. Zane mai kama da zare a tazarar milimita 2 kuwa, ko d ta kauce daga 5.3, ko haƙori ɗaya ya fi sauran tsawo. Sa agogo a gindin haƙoran huɗu kana juya sifindil da hannu. In bambancinsu ya wuce 0.01, kwance kota, goge mariƙin da kolet, ka sake ɗaurawa ka auna tsawonta daga farko.